Sau uku ina neman ƙarin girma, wadda na koya wa aiki aka ba

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta hirar da ake yi a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ishe ni. Ni nas ce. Shekara tara na yi ina aiki a gida kafin na taho Ingila, a nan kuma ina cikin ta shida, asibiti ɗaya, sashe ɗaya, mataki na 5. Sau uku ke nan ina neman mataki na 6. Jiya da la'asar manajarmu ta kira ni ofis ta ce na yi ƙoƙari ƙwarai, amma an ba wata. Ita wadda aka ba ɗin ni na karɓe ta ranar da ta fara aiki. Ni na nuna mata inda ake ajiye makullin kabad ɗin magani, ni na tsaya a kanta har hannunta ya daina rawa in za ta nemi jijiya. Ba ni da komai da yarinyar, tana da kirki. Da na tambayi dalili sai aka ce ban iya tallata kaina a intabiyu ba, kuma wai wasu abokan aiki suna ganin ina da zafi in ina magana. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na raba maganin ƙarfe shida.

A sashenmu mu baƙaƙen mata mun kai rabin masu aikin dare, amma ko ɗaya babu a cikin masu riƙe da sashen. Don Allah ku gaya min gaskiya, ni ce ke da gyara ko kuwa haka abin yake? Kuma wadda ta taɓa tsallake wannan, ta yaya ta yi?

Ummu_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Sannu Yaya, Allah ya ba ki haƙuri. Ina karantawa idona na kawo ruwa, kamar labarina kike bayarwa.

DanBorno77:
Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Amma Hajiya, a yi min afuwa, ba komai ne wariya ba. Intabiyu a ƙasar nan maki ake bayarwa, wanda ya fi maki shi ke ɗauka. Ni ma sau biyu ina faɗuwa kafin na samu nawa. Ki ƙara shiri, ki yi haƙuri, rabonki ba zai wuce ki ba.

Anti_Bilki:
Malam DanBorno, ba wanda ya ƙi haƙuri, amma ka sake karanta abin da ta rubuta. Dalili biyu aka ba ta. Na farko na intabiyu ne, wannan ana iya gyarawa. Na biyun fa? "Wasu suna ganin tana da zafi." Su wa? Yaushe? A kan wane mara lafiya? Shekarata 22 ina aikin jinya a ƙasar nan, goma daga ciki ina wakiltar ƙungiyar ƙwadago, kuma wannan kalmar ta zafi na ji ta har na gaji. In Baturiya ta tsaya kai da fata a kan maganin da likita ya rubuta ba daidai ba, sai a ce tana da jagoranci. In ke ce, sai a ce kin tayar wa mutane hankali.

Maman Ilham ƙanwata, ga abin da za ki yi tun kafin zuciya ta huce ki bar maganar. Ki rubuta wa manajar imel, cikin ladabi, ki ce kin gode da zaman jiya, kina son a ba ki makin da kika samu a kowace tambaya a rubuce, da misalan lokutan da aka ga kin yi zafi, don ki gyara. Kada ki zargi kowa a ciki. In akwai misali za su kawo, ki amfana. In babu, to an rubuta cewa babu. Dokar kare bayanai ta ƙasar nan ma ta ba ki damar neman duk abin da aka rubuta a kanki, har da takardun da masu intabiyu suka yi rubutu a kai, kuma wata ɗaya gare su su amsa.

Sannan ki sayi ƙaramin littafi. Duk abin da ya faru ki sa rana, lokaci, wa ya faɗa, wa ke wurin. Ki bar shi a gida, ba a loka ba.

Maman_Ilham:
Na gode Anti. Wallahi ban san ina da damar ganin takardun ba. Tsorona kada a ce ga mai neman rigima.

Anti_Bilki:
Ai sun riga sun ce kina da zafi alhali ba ki yi komai ba. Shirun shekara shida bai hana a faɗa ba.

Malam_Sani_Leeds:
Bari in sa baki da abin da aka auna, don kada a ɗauka zato ne kawai. A 2019 masu bincike a kwalejin Nuffield ta jami'ar Oxford sun fitar da sakamakon wani gwaji. Sun aika takardun neman aiki fiye da 3,000, ilimi ɗaya, gogewa ɗaya, suna da asali kawai suka bambanta. Turawan Birtaniya kashi 24 cikin 100 aka kira, sauran ƙabilu kashi 15. Mai asalin Najeriya sai ya aika takardun da suka fi na Bature da kusan kashi 80 cikin 100 kafin ya samu kira daidai da nasa. A Amurka an yi irin wannan tun 2004 a Boston da Chicago, sunayen da ake dangantawa da farare suka samu kira fiye da na baƙaƙe da kashi 50 cikin 100.

A ɓangaren lafiya kuwa, tun 2016 hukumar lafiya ta ƙasar nan, wato NHS, ke fitar da rahoton daidaiton launin fata duk shekara, kuma shekara bayan shekara yana nuna cewa in an tace masu neman aiki an kira su intabiyu, farar fata ya fi samun aikin. Su da kansu suka ƙirga, ba mu ba. Don haka DanBorno, maki ake bayarwa gaskiya ne, amma mutum ne ke riƙe da biron.

DanBorno77:
Na ji Malam Sani, ban musa alƙaluma ba. Amma waɗannan ai har mu maza sun shafa. Me ya sa za a ware mata?

Lauya_Zee:
Tambayar nan taka, Malam, ita ce ainihin tambayar da wata kotu a Amurka ta kasa amsawa a 1976, kuma daga nan aka samu fahimtar da ake da ita yanzu. Wasu baƙaƙen mata biyar, cikinsu har da Emma DeGraffenreid, suka kai kamfanin motoci na General Motors ƙara a St. Louis. Kamfanin bai ɗauki baƙar mace aiki ba kafin 1964, shekarar da aka yi dokar haƙƙin ɗan ƙasa. Da tattalin arziki ya karye a farkon shekarun 1970 aka zo rage ma'aikata, sai aka bi tsarin wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya. To wa ya zo ƙarshe? Su ɗin da aka daɗe ana hanawa shiga. Kotu ta duba ta ce kamfanin na ɗaukar mata, don haka ba a nuna wa mata bambanci ba. Alhali matan farare ne. Maganar launin fata kuma ta ce su je su haɗa da wata ƙarar da baƙaƙen ma'aikata suka shigar. Ta ƙi yarda a haɗa biyun a matsayin ciwo ɗaya.

A 1989 malamar shari'a Kimberlé Crenshaw ta ɗauki wannan shari'ar ta yi bayani da misalin mararraba: mace baƙa tana tsaye inda hanya biyu suka haɗu, mota na iya kaɗe ta daga gabas ko daga kudu ko duka biyun lokaci guda, sannan a ce ba za a yi mata magani ba sai ta faɗi wace mota ce. Kai namiji baƙi kana da namijin da za ku yi hirar ƙwallo da shi a ofis. Baturiya tana da launin da ya yi daidai da na masu yanke hukunci. Ita Maman Ilham ba ta da ko ɗaya.

Ku na Ingila ma kuna da irin wannan giɓin. Dokar daidaito ta 2010 tana da sashe na 14 da aka rubuta musamman don wariyar da ta haɗa abu biyu, amma aka bar shi a takarda shekara da shekaru ba a fara aiki da shi ba.

Rakiya_Houston:
Lauya Allah ya ƙara basira. Ni abin da ya fi ci min rai shi ne kai. Ina aikin akawu, shekarata ta farko na je ofis da kitson shuku da wata 'yar Sakkwato ta zauna ta yi min awa uku, tsaf da shi. Wata babba a ofishin ta ja ni gefe ta ce min in akwai taro da baƙi gara in zo da gashi "mai tsari". Daga ranar na koma rilaksa. Shekara huɗu ina ƙona fatar kaina duk bayan sati takwas, har gaban goshina ya fara zubewa. 'Yata ce ta sa na daina, ranar da ta ce min ita ma tana son a miƙar mata da nata don ta yi kyau irin na Mama in za ta aiki. Shekararta shida a lokacin.

Yanzu alhamdu lillahi akwai dokar da ake kira CROWN, wadda ta hana a nuna wa mutum bambanci saboda gashinsa na halitta ko kitso. California ce ta fara a 2019, mu nan Texas ta fara aiki a watan Satumba na 2023. Amma ta ƙasa baki ɗaya ta wuce majalisar wakilai a 2022 ta maƙale a dattawa.

Lauya_Zee:
Haka ne Rakiya. Kuma kafin dokar kotuna ba su tsaya wa mata ba. A 1981 Renee Rogers ta yi ƙarar kamfanin jirgin American Airlines kan hana kitso, ta faɗi. Chastity Jones a Alabama an ba ta aiki a 2010 aka janye saboda ta ƙi yanke gashinta na dada, kotun ɗaukaka ƙara a 2016 ta ce kamfanin bai karya doka ba, wai gashi abu ne da mutum zai iya canzawa.

YarDamagaram:
Ku kuna maganar kitso, mu a Faransa ko ɗankwalin ma ba a bari. In aikin gwamnati ne, asibiti ko makaranta ko ofishin magajin gari, ba a sa kallabi, doka ce. Na yi karatun harhaɗa magunguna, amma kullum da safe a bakin ƙofa nake tsayawa in zare mayafina in ninke in sa a jaka, in na tashi in mayar. Shekara bakwai ke nan, kuma har yau in na zare sai na ji kamar an yaye min zani a kasuwa. Mu uku ne a kanmu: ga mace, ga baƙa, ga Musulma.

Ummu_Sadiq:
Innalillahi. Allah ya kawo miki mafita 'yar uwa.

Lauya_Zee:
YarDamagaram, a nan Amurka wannan ɓangaren da sauƙi. A 2015 kotun ƙoli ta goyi bayan wata matashiya, Samantha Elauf, da kantin Abercrombie ya ƙi ɗauka saboda hijabinta, alƙalai takwas cikin tara. Kowace ƙasa da inda takalminta ke matsa mutum.

Hauwa_Kd:
Ni dai ina Kaduna, kuma ina jin ku. Amma wallahi mu ma nan ba daɗi muke ji ba. Kowa baƙi ne a ofishinmu, duk da haka in mace ta yi ciki sai a fara kallonta kamar ta yi laifi. In aka ƙara miki girma a ce wani kika sani. In kika yi magana a mitin a ce ba ki da kunya. Kun manta Firdausi Amasa da aka hana shiga bikin rantsar da lauyoyi a Abuja a 2017 saboda hijabi, sai a 2018 aka rantsar da ita? A ƙasarmu fa. Wani lokaci ina ganin ku da kuke waje kun fi mu gata, aƙalla kuna da kotun da za ta saurare ku.

Fati_Nima:
Hauwa gaskiyarki, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne ko a ina take. Sai dai akwai bambanci. Ke in kin shiga mitin ba wanda zai ɗauka mai shara ce ke. Ni a New York nake, ina kula da ma'aikata goma sha biyu a wani gidan kula da tsofaffi, da katina a wuya an rubuta muƙamina, amma dangin mara lafiya za su wuce ni su je wurin yarinyar da nake koya wa aiki su ce suna son ganin shugaba. Ita kuma ta nuno ni. Sai ka ga fuskarsu ta canza. Wannan kullum ne, ba sau ɗaya ba.

Kuma akwai wata magana da nake so in faɗa mana mu 'yan Afirka, ko da ba za ta yi daɗi ba. Da na zo daga Accra na tarar da mutanenmu a unguwar Bronx ta New York suna cewa mu ba irin baƙaƙen Amurka ba ne, mu muna da tarbiyya, mu ba ma rigima, shi ya sa Turawa suka fi son mu. Na yarda da wannan shekara da shekaru. Ranar da aka so a ɗora min laifin maganin da ba ni na bayar ba, ba 'yar Ghana ce ta tsaya min ba, ba 'yar Najeriya ba. Wata dattijuwa ce 'yar asalin Carolina, ta kusa ritaya, ta ce min kada in sa hannu a kowace takarda sai ta zo. Ta zo ta zauna kusa da ni, ta buɗe rajistar ranar ta nuna musu sa hannun wanda ya bayar. Iyayen baƙaƙen Amurkan nan ne suka sha duka da karnuka aka yi dokar 1964, a shekarar da ta biyo baya aka sauya dokar shige da fice da ta buɗe wa irinmu ƙofa. Inuwar da muke sha su suka dasa bishiyar.

Rakiya_Houston:
Fati kin faɗi abin da ke raina. Allah ya saka wa matar nan.

Admin_Jummai:
'Yan uwa hira ta yi daɗi, amma mu tuna Maman Ilham tambaya biyu ta yi. Ta biyun ita ce wadda ta tsallake ta yaya ta yi. Masu gogewa ku taimaka.

Dr_Asabe:
To bari in gwada. Ni ba likitar asibiti ba ce, injiniya ce a wani kamfanin sadarwa, yanzu ina da mutum talatin a ƙarƙashina. Abin da na gane a makare shi ne, tarbiyyar da aka yi mana a gida ita kanta tana yi mana illa a nan. An koya mana yabon kai jahilci ne, in babba na magana ki sunkuyar da kai, in kin yi abin kirki ki bari wani ya faɗa. A intabiyunsu kuwa in kika ce "mun yi" ba ki da maki, sai kin ce "na yi". In ba ki kalli idon mai tambaya ba ya rubuta cewa ba ki da ƙarfin gwiwa. Maman Ilham, na tabbata da aka tambaye ki misalin jagoranci ba ki ce ke kika horar da yarinyar nan ba, don kina ganin gori ne. Ba gori ba ne, aikinki ne, kuma shi ake saye.

Na biyu, kuma ya fi na farko nauyi. Akwai mai ba ki shawara, akwai mai ambaton sunanki a ɗakin da ba kya ciki. Shawara muna samu har ta yi yawa, kowane kamfani yana da shirin horar da mu kamar mu ne matsalar. Wanda zai ce "a ba Asabe wannan aikin, ni na tsaya mata", shi ne ba mu da shi. Ni wani dattijon Bature ne ya yi min, bayan na je ofishinsa da ƙafata na ce ina son ya ba ni aikin da kowa ke gudu, in na yi shi da kyau ya faɗa a sama. Ya yi mamaki, amma ya cika alkawari.

Rahoton da kamfanin McKinsey da ƙungiyar mata ta Lean In suka fitar a Amurka a 2020 ya nuna inda tsanin ya karye: a duk maza 100 da aka ɗaga zuwa matakin manaja na farko, mata 85 aka ɗaga, baƙaƙen mata kuwa 58. Ba a can ƙoli ake tare mu ba, a matakala ta farko ne, daidai inda Maman Ilham take tsaye. Shi ya sa sai a 2009 aka samu baƙar mace ta farko da ta shugabanci ɗaya daga manyan kamfanoni 500 na Amurka, Ursula Burns a Xerox, wadda ta shiga kamfanin tun 1980 a matsayin ɗalibar koyon aiki.

Anti_Bilki:
Dakta na yarda da ke rabi. Koyon intabiyu dole ne, ni kaina ina zaunar da ƙannenmu in yi musu gwaji a falo. Amma ina jin tsoron mu mayar da nauyin duka kan macen. Ta gyara murya, ta gyara kallo, ta gyara gashi, ta nemo mai tsaya mata, bayan awa goma sha biyu a tsaye da yara a gida. Su kuma masu ɗaukar aikin me za su gyara? Akwai abubuwan da aka san suna aiki. A tallata kowane gurbi a fili, a daina ba wa 'yar gida riƙon ƙwarya na wata shida a ɓoye sannan a ce ta fi kowa gogewa. Wannan ita ce babbar hanyar da ake bi, ku lura. A sa wani daga wajen sashen a cikin masu intabiyu. A rubuta dalilin ƙin ɗaukar mutum. A wallafa bambancin albashi: tun 2017 duk ma'aikatar da ke da mutum 250 ko fiye dole ta bayyana giɓin albashi tsakanin maza da mata, to a yi haka a kan launin fata ma. Waɗannan ba mace ɗaya ke nema ita kaɗai ba, ƙungiya ke nema.

Kuma ana cin nasara. Michelle Cox, babbar nas baƙa 'yar Liverpool, ta kai hukumar NHS England kotun ma'aikata, a 2023 kotu ta tabbatar an nuna mata wariya, har da ware ta daga tarukan da ya kamata ta halarta. Ƙungiyar ma'aikatan jinya ta RCN ce ta tsaya mata. Amma ta sha wuya kafin nan, shekaru aka yi, kada wani ya ce muku abu ne mai sauƙi.

Maman_Ilham:
Anti kin taɓo wurin. Riƙon ƙwaryar nan shi aka yi. Watan azumi aka ba ta riƙon muƙamin ba tare da an sanar ba, ni na dawo hutu na tarar da sunanta a allo. A intabiyu duk misalan da ta bayar daga wannan wata biyar ɗin ne, ita da bakinta ta gaya min. Dakta kuma gaskiyarki, ban ambaci horar da ita ba, kunya ta hana ni.

Ummu_Sadiq:
Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Duk wannan shawarar ta masu takardar zama ce. Ni aikin kula da tsofaffi nake, bizata a hannun mai gidan aikin take. In ya sallame ni kwana 60 gare ni in samu wani ya ɗauki nauyina ko in bar ƙasar. Mu huɗu 'yan Afirka mu ake ba duk ƙarshen mako da duk tsofaffin da sai an ɗaga su. Akwai wani tsoho da ke kirana da sunan da ba zan iya rubutawa a nan ba, na kai ƙara aka ce ba shi da lafiya ne in yi haƙuri, washegari aka sake tura ni ɗakinsa. Gonar mahaifinmu aka sayar na taho. Ta yaya zan buɗe baki?

DanBorno77:
Subhanallahi. Wannan kam zalunci ne, ba ni da ta cewa. Na janye maganata ta farko a kan irin wannan.

Anti_Bilki:
Ummu Sadiq, ba zan ce miki ki je ki yi faɗa gobe ba, wanda ya ce miki haka bai san zafin biza ba. Amma dokar daidaito ta 2010 ta kare ki kamar yadda ta kare 'yar ƙasa, ba ta tambayi launin fasfo ba. Ki shiga ƙungiyar ƙwadago yau, wadda ake kira Unison na karɓar masu aikin kula, kuɗin wata kaɗan ne. Ki shiga tun kafin rigima ta taso, don yawanci ba sa ɗaukar matsalar da ta riga shigarki. Ki riƙa ɗaukar hoton jadawalin aiki duk mako. Ku huɗun ku rubuta takarda ɗaya ku sa hannu tare, korar mutum huɗu ba kamar korar ɗaya ba ce. A gefe kuma ki fara neman wani wurin a hankali, ba laifi ba ne, ana canza mai ɗaukar nauyi. ACAS, hukumar sasanta rigimar ma'aikata da masu ba su aiki, na ba da shawara kyauta ta waya kuma ba sa gaya wa mai gidan aikinki. Abu ɗaya da za ku kiyaye dukanku shi ne wa'adin shigar da ƙara. Lokacin da na raka wata mata kotu a 2021, wata uku ne ba kwana ɗaya daga ranar da abin ya faru, in ya wuce ya wuce. Ku tambayi wa'adin da ake aiki da shi tun a kiran farko.

Lauya_Zee:
Na Amurka ku ma ku riƙe: kwana 180 ne a kai ƙorafi hukumar EEOC mai yaƙi da wariya a wurin aiki, a jihohi da yawa ya kai 300. Kuma yawancin ma'aikatan kamfanoni doka ta ba su damar tattauna albashinsu da juna tun 1935, ko da manaja ya ce sirri ne. Ku tambayi juna nawa ake biyanku. Baƙar mace a nan ba ta kai santi 70 a kan kowace dalar da farin namiji ke samu ba, kuma shiru ne ke rufe wannan.

Hauwa_Kd:
Ni fa har yanzu ina ganin in wuri ya ƙi ka, ka bar shi. Maman Ilham, da gogewar shekara goma sha biyar, ba wani asibitin ne? Me ya sa sai nan?

Dr_Asabe:
Hauwa wannan ma hanya ce, kuma ni ta nan na samu ƙarin girmana na farko, sai da na fita. Wani lokaci inda aka san ki a ƙasa ba za a taɓa iya ganinki a sama ba.

Fati_Nima:
Amma in kowa ta fita, wa zai tsaya wa masu zuwa? Da dattijuwar nan ta fita tun tana da ƙarfi, da ni yanzu ba ni da lasisi.

Rakiya_Houston:
Fati, ba kowa ke da ƙarfin zama ba. Na ga wadda hawan jini ya kama a kan irin wannan tsayuwar. In ta zauna don wasu, wa zai riƙe mata 'ya'yanta in ta faɗi?

Maman_Ilham:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na tura imel ɗin da Anti ta ce, ɗazu bayan sallar isha'i, hannuna na rawa na danna. Na nemi makina, na nemi misalan zafin, na kuma tambaya ta wace hanya aka bi aka ba da riƙon ƙwaryar. Maganar fita ko zama ban yanke ba. Ilham na aji biyar a makarantar da ke bayan gidanmu, babanta kuma aikinsa a garin nan yake, ba abu ne da zan yanke ni kaɗai a dare ɗaya ba. Dakta, in ba damuwa ina so ki yi min gwajin intabiyu ko ta waya ce, akwai gurbi a wani asibitin da za a rufe nema ƙarshen wata.

Ummu Sadiq ƙanwata, ki yi min magana ta akwatin sirri. Akwai wata 'yar garinmu da ta canza wurin aiki bara da irin bizarki, zan haɗa ku.

Dr_Asabe:
Asabar bayan azahar in Allah ya kai mu. Ki rubuto abu biyar da kika yi a sashen nan da hannunki, kowanne ya fara da "na". Horar da yarinyar nan ki sa shi a farko.

Anti_Bilki:
In sun kira ki zama a kan imel ɗin kada ki shiga ke kaɗai, ki ce za ki zo da wakiliyar ƙungiya. Ki sanar da mu abin da suka amsa.